Daga Sito Zuwa Tirela: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Aiki a Masana'anta

Na yi shekaru a wani ɗan ofis da ke tsakanin sito da ɗakin injina a wata masana'antar lemon gora a Kano. Aikina shi ne in faɗa wa kowa abin da za a yi gobe, guda nawa, a kan wane inji. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki da masu ƙananan kamfanoni suka fi yi mini. Inda na ce "mu ce", misali ne na buga don sauƙin lissafi.

Wai mene ne tsara aiki a masana'anta?

Sanin abin da za a sarrafa, da yawansa, da ranar da za a gama shi, sannan a tabbatar kaya da inji da ma'aikata sun haɗu a wuri ɗaya a wannan rana. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne bin diddigi: abin da aka rubuta jiya, shi aka yi? In ba shi ba ne, me ya hana, kuma wa za a kira a ba shi haƙuri?

Ba aikin manajan injina ba ne? Don me sai an ajiye mutum na daban?

Saboda mutum uku ne a kamfani, kowa da inda ya sa gaba, kuma kowannensu yana da gaskiya. Mai sayarwa so yake kowane irin kaya ya kasance a ajiye, kada dila ya zo daga kasuwar Singa a ce masa babu. Mai kula da injina so yake a kunna inji a kan abu ɗaya tun Litinin har Asabar, ba tsayawa ba canji. Akanta kuwa in ya shiga sito ba buhuna yake gani ba, kuɗin da ya kwanta yake gani, so yake a rage. In ka bar wa ɗayansu tsarin, sauran biyun za su sha wuya. Mai tsara aiki shi ne wanda ke tsaye a tsakiya, kuma in ka ga duka ukun suna ɗan jin haushinsa daidai wa daida, to yana yin aikinsa.

Daga ina tsarin yake farawa?

Daga nesa, sannan a matso. Akwai lissafin shekara, wanda ba ya kula da ɗanɗano ko girman gora. Katan nawa za mu sayar a wata kaza, ma'aikata nawa za mu buƙata, za mu yi aikin dare ko kuwa. Daga nan sai babban jadawali na makonni takwas zuwa goma sha biyu, mai faɗin kowane kaya da sunansa da adadinsa a kowane mako. Daga shi ake fitar da lissafin kayan da za a saya, da takardar aikin yini wadda ake liƙawa a jikin inji.

Akwai wata ƙa'ida da sababbi ba sa so: mako ɗaya ko biyu na gaba a kulle suke. An riga an sayi kaya, an raba ma'aikata, ba mai taɓawa sai da sa hannun babban manaja. Abin da ke gaba da haka ana iya motsa shi kaɗan. Na wata uku kuwa, canza abinka yadda kake so.

Yaya ake sanin abin da kasuwa za ta saya alhali ba a sani gaibu ba?

Ba a sani ba, ƙiyasi ake yi, kuma ƙiyasi kullum yana kuskure. Abin nema shi ne kuskuren ya zama ƙarami, kuma kada ya riƙa karkata gefe ɗaya. In wata shida a jere ƙiyasinka ya fi cinikin gaske, ba rashin sa'a ba ne, wani ne ke cika baki a taro.

Ana farawa da cinikin baya, sannan a ɗora abin da aka sani. Lemo da ruwa suna tashi da zafin bazara, watan Maris zuwa Mayu, su kwanta da hunturu. Ciniki yana motsi bayan kaka, lokacin da manomi ke da kuɗi a aljihu. Sai babban abin da manhajojin waje ba su gane ba: azumi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa goma sha ɗaya, don haka azumi da Sallah suna matsowa baya kowace shekara. In ka kwatanta Afrilun bana da Afrilun shekara uku da suka wuce, kana iya kwatanta watan da ba azumi da watan azumi, lissafinka ya watse. Ni a takardata layi biyu nake ja, na watan Bature da na watan Musulunci. Azumin da ya faɗo cikin zafi da wanda ya faɗo cikin sanyi ma ba cinikinsu ɗaya ba. Kuma dila ba ranar ɗaya ga azumi yake saye ba. Tun tsakiyar Sha'aban yake cika shagonsa, wato kai tun Rajab ya kamata ka fara tarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa oda take zuwa kamar ambaliya wata ɗaya, wata na gaba kuma shiru, alhali masu sha ba su canza ba?

Wannan ciwo ne sananne. Mai shago ya ga ciniki ya ɗan ƙaru, sai ya ƙara oda har da ɗan rara. Ƙaramin dila ya ga haka, ya ƙara nasa rarar. Babban dila ya ji raɗe-raɗin za a ƙara kuɗi, ya ninka. Kafin maganar ta iso masana'anta, ƙarin kashi biyar ya zama kashi arba'in. Ku kuma ku ɗauki ma'aikata, ku sayo kaya. Wata mai zuwa kowa sitonsa a cike, waya ta daina ƙara. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya lura da wannan a cinikin Pampers: jarirai ba sa canza yawan abin da suke ɓatawa daga mako zuwa mako, amma odar da ke isa masana'anta tana hawa da sauka kamar lilo. Turawa suna kwatanta abin da bulala, ɗan motsi a hannu, babban kaɗawa a baki.

Maganinsa shi ne ka san abin da dila ya sayar, ba abin da ya saya a wurinka kaɗai ba. Kuma a rage garaɓasar ƙarshen wata, don ita ke koya wa diloli jira.

Ina jin ana cewa MRP. Mene ne shi?

Lissafin kayan haɗi ne, kuma duk uwar gida da ta taɓa shirya abincin biki ta san tushensa: mutum nawa za su ci, kwano nawa na shinkafa, me ke akwai a ɗaki, me za a sayo, yaushe za a aika kasuwa. Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Joseph Orlicky yana cikin waɗanda suka mayar da shi aikin kwamfuta a shekarun 1960, kuma kamfanin Black & Decker ya fara aiki da shi a 1964. Hikimar ita ce: ba sai ka yi ƙiyasin murfi nawa za ka buƙata ba. Ƙiyasi na lemo ne. Murfi lissafi ne, tunda kowace gora murfi ɗaya take ci.

Mu ce jadawali ya nuna katan 5,000 a mako na takwas, kowane katan gora 12. Murfi 60,000 ke nan. Ƙara kashi 2 na lalacewa, ya zama 61,200. A sito akwai 18,000, wasu 10,000 suna hanya. Saura 33,200. Mai sayarwa ba ya fasa kwali, kuma kowane kwali 5,000 ne, don haka 35,000 za ka nema. Daga oda zuwa isowa mako uku ne. To a mako na biyar za ka tura oda, ba na bakwai ba. Haka za a yi wa sukari, da sinadarin ɗanɗano, da takardar liƙawa, da ledar naɗewa, kowanne da nasa kwanakin.

Kwanakin nan su ne inda ake faɗuwa. Abin da ake samu a nan Kano, a Sharada ko Bompai, yini biyu ne. Abin da ke zuwa daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a ba shi mako guda ko fiye. Abin da ke zuwa daga Chaina kuwa, ka haɗa neman dala, da ƙerawa, da sama da wata guda a teku, da kwastan, da hanya. Wata uku zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne. Kada kuma ka manta masana'antun Chaina suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu.

In lissafin mai sauƙi ne haka, don me ake tsayar da inji saboda rashin kaya?

Saboda lambar da ke cikin littafi ba ita ce ke cikin sito ba. A nan zan daɗe, don duk sauran bayani a kan wannan yake tsaye.

Wata Laraba, saura mako biyu azumi, kwamfuta ta nuna mini muna da takardar liƙawa ta lemon abarba naɗi arba'in. Na saka abarba a jadawalin dare. An dafa sukari, an haɗa lemo a tanki, an hura goruna. Wajen ƙarfe tara aka kira ni a waya. Na iske Baba mai sito, dattijon da ya girmi kamfanin a aiki, yana tsaye da tocila a bayan kanta.

"Baba, ina naɗi arba'in ɗin?"

"Ga su nan, ɗana. Arba'in cif. Amma duba da kyau."

Na duba. Talatin da ɗaya na tsohon zane ne, mai tsohuwar lambar rajista, wanda aka hana amfani da shi tun bara. Ba wanda ya cire su daga lissafi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baba?"

"Yaushe ka taɓa tambayata? Kullum injinka kake tambaya."

Lemon da ke tanki ba ya jiran gobe. Muka cika abin da naɗi tara za su iya, sauran muka cika goruna ba takarda muka jera a gefe, kwana huɗu ana tsallake su. Tun daga ranar nake zagaya sito kowace safiya kafin in kunna kwamfuta.

Abin da ke gyara wannan ba shi da tsada. Kada a jira ƙidayar ƙarshen shekara. A ƙirga kaya goma ko ashirin kowace rana, ana juyawa. Komai ba ya fita sito sai da takarda, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da ɗan mai kamfani ne ya zo. Kayan da ya lalace ko aka daina amfani da shi a ware masa kusurwa, a shafa jan fenti a ƙasa, a cire shi daga lissafi ranar. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita.

Kaya nawa ya kamata a ajiye?

Mu ce kana cin buhun sukari 40 a rana, kuma daga oda zuwa isowa kwana 10 ne. Buhu 400 za ka ci kana jira. In motar takan yi lattin kwana biyar, ƙara 200 na ko-ta-kwana. Da zarar sito ya sauko 600, tura oda. Na ko-ta-kwana ba don ado ba ne. Girmansa ya danganta da yadda mai kawo maka kaya yake saɓa alkawari da yadda cinikinka yake tsalle.

Guda nawa za a saya a lokaci ɗaya kuwa, tun 1913 wani Ba'amurke, Ford Harris, ya fitar da lissafinsa: saye kaɗan-kaɗan yana cin kuɗin mota da zirga-zirga, saye da yawa yana cin kuɗin ajiya, akwai wani adadi a tsakiya inda jimillar ta fi sauƙi. Lissafin yana da kyau, amma ya ɗauka farashi a tsaye yake. A Najeriya bayan an saki naira a Yunin 2023, wanda ya cika sito da kayan waje ya ci riba ba tare da ya kunna inji ba. A ɗaya gefen kuma, zuwa Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, wato wanda ya ci bashi ya tara kaya yana biya da tsada. Babu amsa ɗaya. Mai tsara aiki da akanta dole su zauna tare.

Ba kowane kaya ya cancanci wannan ciwon kai ba. Ka jera kayanka bisa kuɗin da suke ci a shekara, za ka ga 'yan ƙalilan ne suka kwashe mafi yawa. Su ake sa wa ido kullum. Irin su gam da tawadar buga kwanan wata, sayi da yawa ka huta. Sai dai ka tuna tawadar nan mai arha tana iya tsayar da masana'anta gaba ɗaya.

Yaya ake auna ƙarfin masana'anta?

Ba da lambar da ke jikin inji ba. Mu ce an rubuta gora 6,000 a awa, kuna aikin safe da na yamma, awa 16. A takarda 96,000 ke nan. Yanzu cire awa ɗaya da rabi na wanki da canjin ɗanɗano, awa ɗaya da rabi na salla da abinci da miƙa aiki, awa ɗaya na ɗauke wuta da tayar da janareta da ƙananan matsaloli. Saura awa 12. Injin ya tsufa, in ya wuce 5,000 a awa sai ya fara zubarwa. Ya zama 60,000. Cire kashi 2 da aka watsar: 58,800. Kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da mai kamfani ke faɗa wa baƙi.

Da 58,800 ake yin alkawari. Ranar Juma'a kuma tana da nata lissafin, haka watan azumi.

An ce inji ɗaya ne ke riƙe da masana'anta duka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi gajiya. In injin hura gora yana yin 8,000 a awa, na cikawa 5,000, na naɗewa 7,000, to masana'antarka ta 5,000 ce. Ƙara wa mai hurawa gudu ba zai ƙara maka katan ko ɗaya ba, sai dai tulin goruna da za su tare hanya. Wani masanin kimiyya ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya yi suna a shekarun 1980 da wannan magana: awa ɗaya da aka rasa a wurin matsatsi, masana'anta duka ta rasa ta, awa ɗaya da aka samu a wani wuri, ba a sami komai ba.

Gano shi ba wuya. Zagaya ka ga inda kaya suka taru suna jira, inji na gaba da shi kuma yana zaman banza. In ka gano shi, a lallaɓa shi kamar amarya. Kada ya tsaya lokacin abinci, a yi karɓa-karɓa. Makaniken da ya fi iyawa a ajiye shi kusa. Kayan gyaransa su kasance a sito. A tace kaya kafin su shige shi, kada ya ɓata lokaci a kan abin da za a zubar. Kuma wani lokaci matsatsin ba inji ba ne ko kaɗan: ƙofar lodi ce guda ɗaya, ko mutum ɗaya da ya iya saita inji, ko dizal.

Idan oda ta fi ƙarfinmu fa?

A tara kaya tun lokacin da kasuwa ke kwance, in kayan ba mai saurin lalacewa ba ne. Ko a ƙara awoyi, ko a buɗe aikin dare, ko a ɗauki 'yan wucin gadi, ko a ba wani kamfani ya yi maka wani sashe. In duk ba su isa ba, a raba abin da ke akwai tsakanin diloli da adalci, a faɗa musu gaskiya tun da wuri. Sayen sabon inji shi ne na ƙarshe, don shi ba ya komawa.

Abin da ba a yi shi ne karɓar oda ba tare da duba hanyar da za ta bi ba. A 1975 hukumomin Najeriya suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar Legas abin da take iya saukewa a shekara bai wuce kusan tan miliyan ɗaya ba. Ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan tarar jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Cunkoson tashar ya sa kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a shekarar, ya riƙa kawo sassan mota ta jirgin sama daga Faransa zuwa Kano.

Akwai kuma kishiyar haka, ƙarfi ba kaya. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka buɗe a 2016, an gina ta don tan 1,200 a rana. A shekarar tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki, kuma ko bayan nan samun tumatir da zai ciyar da injin ya zama aiki, ta yi ta rufewa tana buɗewa.

Wane aiki ake fara sakawa a inji?

In ba wani dalili, wanda ranar alkawarinsa ta fi kusa. Amma ana duba canji. A lemo daga mai haske ake tafiya zuwa mai duhu, daga mai sauƙin ƙamshi zuwa mai ƙarfi, don wanki ya yi sauƙi. Masu roba da masu fenti ma haka, fari kafin baƙi. Masu girman gora ɗaya a haɗa su, don canza ƙarfen inji ya fi canza ɗanɗano cin lokaci. Zanen da ake yi na layuka, kowane inji da layinsa, kowane aiki da tsawonsa, sunan Henry Gantt yake ɗauke da shi tun shekarun 1910, kuma har yau farin allo da alƙalami sun isa a yi shi.

Sai kuma odar "Alhaji ya ce". Babban dila ya kira mai kamfani, mai kamfani ya kira ka. Ba a cewa a'a, ba a kuma cewa to da sauri. Abin da na koya shi ne in ce: "Ranka ya daɗe, za a iya. Amma za mu rasa awa uku na canji, kuma motar Maiduguri da ta Gusau za su koma Asabar. A yi?" Sau da yawa sai ka ji an ce a bari sai jibi.

Tsarin Toyota na rashin ajiye kaya zai yi aiki a nan?

Wani sashe. Taiichi Ohno ya gina tsarin a Toyota bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ba ta da kuɗin tara kaya. Ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka: ba a cika kanta sai da abin da mai saye ya ɗauka. A masana'anta, kowane akwatin sassa yana da kati, kanban da Japananci. In an buɗe akwati, katin ya koma baya ya zama izinin ƙera wani. Ba kati, ba aiki.

Amma masu kawo wa Toyota kaya da yawansu suna kusa da ita, hanya lafiya, wuta ba ta ɗaukewa. Duk da haka ta sha wuya. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke yi mata wani ƙaramin bawul na birki, layukan Toyota suka tsaya na kwanaki har sai da wasu kamfanoni da dama suka taru suka ƙera shi. Bayan girgizar ƙasar Maris 2011 Toyota kanta ta sa masu kawo mata kaya su riƙa ajiye ƙananan na'urorin lantarki na watanni. Wannan ya ɗauke ta a farkon ƙarancin waɗannan na'urori a 2021, kodayake a Satumbar shekarar sai da ta rage aiki da kashi 40.

Wanda ke jiran kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya ce zai zauna ba ajiya, ya ɗebo ruwan dafa kansa. A cikin katangar masana'anta kuwa tsarin yana aiki sosai: tsakanin inji da inji, tsakanin sito da layi, da kuma maƙwabcin da ke kawo maka kwali daga Challawa. Mu akwati biyu muka yi wa ƙananan kaya. In na farko ya ƙare, a kai shi sito a cika, ana cin na biyu.

Masu sarrafa amfanin gona fa, da kayansu sau ɗaya ko biyu ke zuwa a shekara?

Su nasu tsarin a kife yake: ba kasuwa ke jan aiki ba, kaka ke turo shi. Mai casar shinkafa ko mai matsar man gyaɗa yana yanke hukuncin shekara ne cikin 'yan makonni, lokacin da kaya suka cika Dawanau da kasuwannin ƙauye. Tambayarsa ita ce jari da wurin ajiya da danshi. Shanshera in danshinta ya wuce kusan kashi 14 ba ta ajiyuwa, kuma wanda ya saye ta da jiƙa ruwa ya saya a farashin shinkafa. Daga kilo 100 na shanshera, shinkafar da ke fita tsakanin kilo 60 ne zuwa 70, gwargwadon iri da inji. Wannan lamba a riƙa aunata kowane lodi, don maki biyu da suka zube a nan sun isa su cinye ribar wata.

Sai na sayi manhaja?

Ba yanzu ba. Manyan manhajojin da ake kira ERP, irin su SAP ta Jamus, suna haɗa sito da saye da albashi da ciniki wuri ɗaya, kuma babban kamfani ba ya iya rayuwa ba su. Amma in ka zuba musu lambar ƙarya, ƙarya za su dawo maka da ita cikin sauri. Wanda kayansa ba su wuce iri hamsin ba, Excel ya ishe shi.

Yaya za a san tsarin yana tafiya?

Taron tsaye na minti goma sha biyar kowace safiya a gaban allo, ba kujera ba shayi. Jiya me aka tsara, me aka samu, me ya hana. Yau me zai iya hanawa. Lambobin da nake bi uku ne: kashi nawa na jadawali aka cika, oda nawa suka fita cikakku a ranarsu, da awa nawa inji ya tsaya tare da dalili. Dalilin shi ne mai amfani. In an rubuta shi wata guda, za ka ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa. Sharaɗi ɗaya: kada a mayar da taron kotu. Ranar da aka ci mutuncin wanda ya faɗi gaskiya, daga gobe lambobin kowa za su yi kyau.

Ina da ma'aikata goma da inji biyu. Ta ina zan fara ranar Litinin?

Rufe sito da safe ka ƙirga komai da hannunka, ka ware wanda ya lalace. Rubuta abin da ke shiga katan ɗaya na kowane kaya, har gam da leda. Ɗauki rasitan wata shida ka duba kwana nawa kowane mai kawo kaya yake ɗauka a zahiri, ba abin da yake faɗa a waya ba. Ajiye yaro da agogo da littafi a gaban injin da ya fi jinkiri na mako guda, ya rubuta duk tsayawa da dalilinta. Ranar Asabar ka zauna da mai sayarwa da mai sito da mai inji, ku rubuta aikin mako mai zuwa a allo, ku bar yini ɗaya babu komai a cikinsa. Kafin Laraba wani abu zai cike shi.